Rabin Muryar Sharhabil

Ku da kuke ta cika min waya da tambayar ina maganar ankon bikina ta kwana, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ne ya sa na yi shiru ba. Rasa ta inda zan fara na yi. Yau dai na ce bari in zauna in faɗa muku komai, ko na samu in yi numfashi. Wadda za ta zage ni bismillah, wanda na sha a cikin gidanmu ya fi nata zafi.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Na'ima Sanda, haifaffiyar Unguwar Sarki a Kaduna. Abbanmu darakta ne a wata ma'aikatar jiha, ya kusa ajiye aiki, irin mutanen nan ne da ko tari za su yi sai sun duba wa ke kallonsu. Mu biyu Allah ya ba shi, ni da yayana Ubaidullah. Wanda aka sa mana rana da shi kuwa sunansa Sharhabil, injiniya ne, kuma abokin Ya Ubaidullah ne tun suna firamare. A Abeche ta ƙasar Chadi aka haife shi. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Ammi Halima ta taho da shi Kaduna, ta kama ɗaki a Unguwar Kanawa tana sayar da humra da turaren wuta. Nan ya yi wayo, nan ya yi karatu, in yana Hausa ba za ku ce ya taɓa jin wani yare ba. Da ya girma ya nemi zama ɗan Najeriya, aka yi ta bincike shekara da shekaru, daga ƙarshe aka rantsar da shi aka ba shi shaida. Ranar Ummanmu da hannunta ta dafa masa dambun shinkafa, ta ce ɗanta ya zama cikakken ɗan gida. Ku riƙe wannan, don ku ga yadda mutane ke juyawa.

Wata Laraba bayan la'asar muna falon Umma, mun baje atamfofin anko a kan kafet. Tana cewa ruwan goro ya fi dacewa da dangin uwa, ni ina cewa shuɗi mai duhu, sai saƙo ya shigo wayata.

"Ki fito get. Kar ki ce wa kowa na zo."

Na rubuta masa, "Yau kuma sabon salo? Shigo mana, Umma ta dama kunun gyaɗa."



Na yafa mayafina a kan doguwar rigar da ke jikina na fita. Yana tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, da farar rigar ofis duk ta yamutse. Igiyar katin aikinsa na wuyansa, amma babu katin.

"Lafiya? Ina motar?"

"Sun karɓa."

"Su wa?"

"Ofis. Sun ce in tattara kayana. Sanarwa ta zo daga Abuja, Na'ima. An soke min zama ɗan ƙasa."

Wallahi dariya na fara yi, don ban gane ba. Na ce, "Ana soke wannan ne? Sai ka ce lasisin tuƙi?"

"Ga shi an soke. Wai na nuna ƙiyayya ga ƙasa. Wai ina kai wa wasu mutane kaya a tsallaken iyaka."

"Wane kaya? Kayan Ammi da ka kai wa 'yan uwanta bayan ta rasu? Tukwanen turare da zannuwa?"

Ya kalli gidanmu, ya kalli titin da shi da Ya Ubaidullah suka buga ƙwallo a kai suna yara, ya ce, "In suka ce in tafi, ina zan je? Ko hanyar kasuwar Abeche ban sani ba."

Jama'a, mutumin da kabarin uwarsa ke Kaduna ake cewa ya koma garinsu.

Na ɗauka ni zan kai labarin cikin gida. Ashe ya riga ni shiga. Bayan magariba Abba ya aiko a kira ni falonsa. Yana zaune da farar jallabiya, carbi a hannu, bai ko kunna talabijin ba. Umma na gefe ta sunkuyar da kai. Ya Ubaidullah na kishingiɗe a doguwar kujera yana danna waya.

Abba ya ce, "Gobe baffanki zai mayar da kayan sa rana."

Na ce, "Abba, ko sauraronsa ba a yi ba fa."

"Ke lauya ce?"

"A'a, amma ai ka san shi. A gidan nan ya tashi."

"Na san yaron da ke cin tuwo a gidana. Abin da ke cikin zuciyarsa ban sani ba. Hukuma ta fi ni ido." Ya ajiye carbin a kan teburi. "Tunda na fara aikin gwamnati ba a taɓa kirana an tuhume ni ko a kan biro ba. Yanzu da na kusa fita da mutuncina za a ce surukina maƙiyin ƙasa ne? Ba a gidana ba."

Na juya wajen Umma. "Umma, ke ce fa kika ce ɗanki ne."

Ta ce, "Na'ima, rufe min baki. Mahaifinki na magana."

Daga kan kujera, ko ɗago kai bai yi ba, Ya Ubaidullah ya ce, "Ni dai ban yi mamaki ba. Ana ta raba musu takarda kamar alawa, su zo su cika ofisoshi, 'yan ƙasa na yawo da takardu a hannu."

Na ce, "Yaya, Sharhabil fa ake magana. Abokinka."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni."

Ya kamata in faɗa muku wani abu a nan. Bara su biyun suka nemi aiki ɗaya a wata hukumar tarayya da ke wajen Mando. Gurbi ɗaya ne. Aka ɗauki Sharhabil, aka bar Ya Ubaidullah. A lokacin har rungume shi Yaya ya yi a tsakar gida yana cewa duk ɗaya ne. Ni kuma, da yake ba ni da wayo, na yarda.

Abba ya rufe zancen da cewa, "Daga yau kar in sake ganin lambarsa a wayarki."

Washegari na ce wa Umma zan je wajen tela. Na saka baƙar abaya, na tari keke napep, na sauka inda Sharhabil ya kwatanta min, wani ofis a saman bene a cikin gari. Lauyar da abokan aikinsa suka haɗa shi da ita sunanta Barista Kande Nuhu, 'yar Zonkwa ce, doguwa, da ɗan ƙaramin gicciye a wuyanta da tabarau a saman goshi. Ba ta da yawan murmushi.

Ta ce, "Ke ce amaryar? Zauna, ƙanwata. Gara ki ji da kunnenki, don abin ya shafe ki."

Na zauna kusa da Sharhabil. Ko kallona bai yi ba.

Ta ce, "Wanda aka haifa ɗan ƙasa, kamar ni da ke, ba mai iya ƙwace masa. Wanda ya nema aka ba shi, kamar Injiniya, doka ta yarda a karɓe. Amma ba don wani ya tashi da baƙin rai ba. Dalilan ƙalilan ne, ɗaya daga ciki shi ne a tabbatar mutum ya nuna rashin biyayya ga ƙasa, da baki ko da aiki. Kuma tabbatarwar sai ta fito daga shari'a, ko daga binciken da aka yi yadda ya kamata. Bincike ba ya cika sai an kira mutum an ce masa ga abin da aka ce ka yi, me za ka ce. Injiniya, an kira ka?"

"Ko waya ba a yi min ba."

"To nan ne ƙofarmu. Babbar Kotun Tarayya za mu je, ita ke da hurumi a kan irin wannan. Da farko mu roƙi alƙali ya ba da umarni kada a taɓa shi, kada a fitar da shi daga ƙasa har a gama. Sannan mu nemi a rushe hukuncin gaba ɗaya. Wata uku doka ta ba mu, amma ni ba na son mu ci ko sati, don in aka riga aka tsallaka da shi iyaka, shari'ar ta zama wahala."

Na ji sanyi a raina. Na ce, "Ashe da gyara."

"Da gyara, amma akwai matsala." Ta sauko da tabarau kan hancinta. "Maganar kai kaya ba ta dame ni ba, ba su da hujja. Abin da ya dame ni, sun ce suna da muryarsa. Ga kalaman da suka rubuto." Ta karanta a hankali. "Wallahi yau na tsani ƙasar nan. Da ina da iko da na cinna mata wuta."

Na san maganar. Na san ranar.

Ranar da Ammi ta rasu ce. Ya ɗauko ta cikin mota numfashinta na sama, ya yi ta yawo da ita daga wannan asibiti zuwa wancan ana ce masa babu gado, har ta cika a kujerar baya. Yana fakin a bakin titi ya turo min saƙon murya yana kuka. Amma ba nan ya tsaya ba. Ina iya karanto muku sauran da ka, don na saurare shi ba adadi. Cewa ya yi, "Astagfirullah. Me nake faɗa haka? Ina nake da ita in ba nan ba? A cikin ƙasar nan zan binne Ammi, ni ma a nan za a binne ni. Ki yi min addu'a, Na'ima, kaina ba daidai yake ba."

Na ce, "Barista, yanke shi aka yi! Rabi ne wannan!"

Sai a lokacin Sharhabil ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

Ya ce, "Na sani. Ni na goge nawa tun a makon, ba na son jin sa. Mutum ɗaya na tura wa a duniya."

"Me kake nufi?"

"Ban nufi komai ba. Na ce mutum ɗaya na tura wa."

"Sharhabil, ni kake zargi? Ni?"

"To daga sama ya faɗo musu?"

Na miƙe tsaye, jakata ta faɗi ƙasa. Barista Kande ta buga teburi da tafin hannu. "Ku yi wannan a waje. Ƙanwata, yana nan a wayarki har yanzu?"

"Yana nan."

"Kar ki goge, kar ki tura wa kowa, kar ki canza waya. Irin wannan shari'ar da rantsuwa a rubuce ake yin ta. Za ki je kotu ki rantse cewa ga cikakken saƙon, ga ranar da ya shigo. In kin san yadda ya fita daga wayarki, shi ma sai kin faɗa. In ba ki sani ba, kar ki ƙirƙira. Amma in gaya miki gaskiya tun yanzu, wanda ya yanke magana ya kai wa hukuma da gangan, doka na iya waiwayarsa."

A cikin keke napep ina ta lissafin wanda ya taɓa riƙe wayata. Umma ko buɗe ta ba ta iya ba. Ƙawayena ba su san lambar sirrin ba. Muna kaiwa kwanar Unguwar Sarki abin ya faɗo min. Bayan rasuwar Ammi wayar ta riƙa ɗaukewa, wani ya ce in kawo ya duba min, ta wuni a ɗakinsa.

Na sami Ya Ubaidullah a tsakar gida yana wanke motar Abba, da gajeren wando da singileti, rediyo na ta yi.

Na kashe rediyon. Na ce, "Yaya, ranar da ka gyara min waya, me ka ɗauka a ciki?"

Ya ci gaba da goge gilashi. "Ke da wa kike magana haka?"

"Da kai."

Ya matse soson a bokiti, ya miƙe. Na ɗauka zai musa. Wallahi da ya musa da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Ni na sa masa maganar a baki? Shi ya faɗa."

"Ka yanke!"

"Na ɗauki abin da ya dace a ji."

"Uwarsa ce ta mutu a motarsa, Yaya! Kai ka kama masa makara!"

"Na kama. Shi kuma ya kama kujerata." Ya jefa soson a bokiti. "Kin san yadda ake ji? Kakan kakana a ƙasar nan aka binne shi. In tashi da safe in wanke motar Abba kamar yaron gida, in ga wanda ya zo da ƙullin kaya a ka ya wuce da motar ofis, har ya danna min hon. Sannan ya dawo ya ce ƙanwata zai aura. Komai nawa sai ya ɗauka?"

"Jarrabawa kuka yi ya ci! Kuma ni ba kayanka ba ce."

Ya watsar da ruwan bokitin a gabana har ya jiƙa min gefen abaya. "Je ki faɗa. In ga wanda zai yarda da ke."

"Kotu zan faɗa wa."

Ban san Umma na tsaye a ƙofar kicin ba sai da na ji ludayi ya faɗi. Ta ja hannuna har ɗakinta, ta tura ƙofa. Ɗakin na ƙanshin turaren wutan da Ammi ta haɗa mata da hannunta, ragowar na nan a kwalba a kan madubi.

Ta ce, "Me na ji kin ce?"

"Umma, kin ji abin da ya yi."

"Na ji. Ya yi kuskure, Allah ya shirye shi. Sai ki ɗaure shi? Ciki ɗaya kuka fito, nono ɗaya kuka sha. Miji ana samun wani, Na'ima. Ina zan samo wani Ubaidullah?"

"Shi Sharhabil ina zai samo wata ƙasar?"

"Wannan ba damuwata ba ce!"

Ta faɗe shi da ƙarfi har ita kanta ta tsorata. Sai ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka, tana cewa in dubi girman Allah in dubi furfurarta, in kawo wayar ta ajiye min. Na ce a'a. Ban taɓa ce wa Umma a'a ba tunda aka haife ni.

Daga ranar gidan ya zama min kamar gidan haya. In na yi sallama ba mai amsawa. In na shiga kicin Umma ta fita. An kwashe atamfofin anko an cusa a bayan wadirob. Gwaggonnina suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya, wata ta ce asiri aka yi min da humra, wata ta ce dama mutanen can ba su da amana. Wayar kuwa ko banɗaki zan shiga tana cikin rigata. Abin da ya fi ba ni mamaki, Abba bai ce min uffan ba. Zai wuce ni a baranda kamar bai ga mutum ba.

Na tura wa Sharhabil, "Na gano. Ya Ubaidullah ne."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can ya turo, "Ki yafe min abin da na ce miki a ofishin Barista."

"Ban yafe ba tukuna."

"Na'ima, kar ki yi rantsuwar nan. Za mu nemi wata hanya. Ba na so a ce ta dalilina gidanku ya watse."

Raina ya ƙara ɓaci. Na rubuta, "Da kake zargina ba ka tuna da gidanmu ba. Yanzu ba don kai kaɗai zan yi ba. A wayata aka yi sata."

"Ubaidullah ɗan uwana ne."

"Shi bai san da haka ba."

Ku gaya min gaskiya, ku da kuke karantawa, da ku ne me za ku yi? Kar wadda ta ce min abu ne mai sauƙi. Wannan yayan shi ya riƙa goya ni zuwa islamiyya in ruwa ya cika layinmu. Na yi kuka har idona ya kumbura. Amma duk sanda na ce bari in haƙura, sai in kunna saƙon in ji inda yake cewa a nan za a binne shi.

Ranar Litinin da safe na yi alwala, na saka atamfa ruwan toka da dogon hijabi, ban shafa ko hoda ba. Na wuce Umma tana shara a tsakar gida. Na ce, "Umma, na tafi." Ta juya min baya.

Barista Kande na jirana a harabar kotun da baƙar kwat. Sharhabil na can nesa a jikin wata mota, ya rame, shaddarsa ta yi masa yawa. Ya ɗaga min hannu, na kau da kai. Ta shigar da ni wani ɗan ofis mai cike da fayil-fayil, fanka na juyawa da ƙyar. Wani dattijo mai rantsarwa na zaune a bayan teburi, Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle a gefensa, Littafi Mai Tsarki a ɗaya gefen.

Ta miƙo min abin da ta rubuta daga bakina. "Karanta a nutse. In akwai kalmar da ba taki ba, ki faɗa."

Na karanta. Na ga sunan yayana a rubuce, Ubaidullah Sanda, baƙi a kan fari.

Dattijon ya ce, "Kina da alwala?"

"Ina da ita."

Ya fara warware kyallen.

"Na'ima."

Ko a cikin barci na san muryar nan. Na juya. Abba ne a bakin ƙofa, da babbar riga fara ƙal da hula zanna bukar, shigar da yake yi in zai je gaban manya. Shi kaɗai ne.

Barista ta ce, "Ranka ya daɗe, nan wurin rantsuwa ne."

"Na san ko ina ne. Da 'yata zan yi magana." Ya tako har gabana. Bai ɗaga murya ba, Abba ba ya ɗaga murya a gaban mutane. "Sunan wa aka rubuta a nan?"

Na ce, "Na Yaya."

"To ba daidai ba ne, kuma ba zan bari ki dafa Alƙur'ani a kan rabin magana ba. Ubaidullah ya ɗauko, ya kawo min. Wa ya san shi a Abuja? Wa zai buɗe masa ƙofa? Ni na ɗauka da hannuna na kai wa wanda zai saurara."

Na ji fankar ta yi nisa. Na ce, "Abba, ka ji cikakken?"

Ya kau da kai.

"Abba, don Allah, ka ji ƙarshensa kafin ka kai?"

"Na ji."

"Ka ji inda ya yi istigfari?"

"Na ce miki na ji. Ɗana na zaune a gida yana lalacewa a gaban idona. Kowane uba zai yi abin da na yi." Ya nuna takardar da yatsa. "Ga ki ga ta. In kin sa hannu, ba yayanki kaɗai kika kai ba, har da wanda ya haife ki. Aikina, sunana, duk abin da na tara. Yanzu sai ki zaɓa a gabana, ina kallonki."

Sai na gane abin da ya kawo shi. Ba gaskiya ya zo faɗa ba. Ya san zan iya kai Yaya, ya zo ne ya ga ko zan iya kai shi.

Dattijon nan ya yi gyaran murya, Alƙur'anin na hannunsa. "Hajiya, akwai mutane a layi. Za ki rantse ko in kira na gaba?"

Ta taga ina hango Sharhabil a tsaye cikin rana, bai san abin da ake ciki ba. Na dubi Abba. Ina neman ko ɗigon nadama a fuskarsa, ko kaɗan ne, wallahi da na gani ban san me zan yi ba. Babu. Jirana kawai yake in sunkuyar da kai kamar kullum.

Na goge idona da gefen hijabi, na tura wa Barista Kande takardar.

Na ce, "Barista, a sake bugawa. A ƙara suna ɗaya."

Abba ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa, ya dubi dattijon ya ce, "Malam, in za ta rantse, ka tambaye ta sunan ubanta. Ni dai ban san shi ba."